Daƙiƙa Biyar da Kaurin Biro

Lahadi, 6 ga Oktoba

Sun ƙwace masa. Wallahi ƙiri da muzu suka ƙwace masa.

Dogo ne ya ci tseren motocin yau, da idona na gani a talabijin. Zagaye hamsin da takwas yana gaba, Ɗan Gata yana shaƙar hayaƙinsa. An kaɗa masa tuta, an ba shi kofi, ya ɗaga. Ni da Bakanike, ƙanin matata, muka yi ta tsalle a falo kamar ba masu furfura ba, har na ture shayi a kan kafet. Bakanike ya tafi gida yana waƙa. Bayan awa uku sai ga kiransa, murya a shaƙe, wai in duba waya.

Alƙalan tsere sun zauna a ɗakinsu mai sanyi sun ƙara wa Dogo daƙiƙa biyar a kan lokacinsa, wai a kwana ta tara, inda hanya ta lanƙwasa, tayoyinsa sun fita farin layin gefen hanya. Daga na ɗaya ya koma na uku. Kofin ma an karɓe an miƙa wa Ɗan Gata a bayan gareji, ba mai kallo.

Sati biyu da suka wuce Ɗan Gata ya yi irin wannan fitar, tasa ma ta fi, aka ce gargaɗi, kada ya ƙara. Ai shi ya sa muka raɗa masa sunan. Shekara goma sha tara ina kallon tseren motocin nan, ban taɓa jin takaici irin na yau ba.

Matata ta ce mutumin bai ma san ina duniya ba. Na ce ba don shi nake yi ba, don gaskiya ne. Ta ce to gaskiyar ta zo ta goge kafet.

Ban ci abinci ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Mutum goma sha ɗaya suka zo gwajin tuƙi, na kayar da shida.

Da a ce alƙalan can suna aiki irin nawa, da ba a kai nan ba. Ba a banza ake ce mini Malam Biro a ofis ba. Mutum ya yi ribas ya shiga akwatin fakin, in durƙusa, in zura birona tsakanin tayar baya da layin fenti. Ya shiga, ka ci. Bai shiga ba, sai bayan wata uku. Taya ta taɓa layi an faɗi, haka takarda ta ce. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa soke hukuncina ba.

Ta bakwai wata mata ce mai aiki a gidan burodi, lasin ƙaramar motar kaya take nema. Hannunta ba laifi. Madubi, sigina, tashi a kan tudu, duk ta yi. A ribas tayar hagu ta hau layi da kamar kaurin farce. Na durƙusa, biro bai shiga ba, na rubuta. Ta fito ta dubi tayar, ta dube ni. Ba kuka, ba magiya. Ta ce an ba ta zuwa ashirin da ɗaya ga wata ta kawo lasin, in ba haka ba a ba wani motar rabon burodin, ita ta ci gaba da tsayuwa bakin tanda, alhali likita ya ce zafin yana kashe mata ido. Na ce ba ni na rubuta doka ba.

Sai ta ce, "Yallaɓai, ranar Juma'a ina zaune a bencin can ina kallon yadda ake yi. Ba ka durƙusa ba."

Na ce mai biye ya shigo.

Da rana na fara rubuta wa hukumar tsere wasiƙa. Sai sun ji daga gare ni.

Talata, 8 ga Oktoba

Ƙungiyar Dogo ta ɗaukaka ƙara. Za a saurara ranar sha shida.

Da na tashi aiki na biya garejin Bakanike. Ya bar motar mutane a kan jak, muka jingina waya da batir muna kallon kwana ta tara a hankali, muna tsayarwa, muna komawa. Har rula ya ɗauko ya ɗora a kan gilashin wayar. Tayar Dogo ta fita, ba musu. Amma ta Ɗan Gata ta wancan satin, sai ka kwantar da akuya tsakanin tayar da layin.

Wasiƙa ta kai shafi uku. Na tambaye su: littafin doka mai kauri kamar bulo, amma kowane tsere da nasa alƙalan, kowane alƙali da nasa idon? Me ya sa sai an ba mutum kofi, jama'a sun watse, sannan a tuna da layi? Wa yake hukunta mai hukunci? Na rubuta musu cewa dokar da ake ɗauka yau a ajiye gobe ba doka ba ce, sanda ce. Wannan layin ya yi mini daɗi, na ja masa ƙasa sau biyu.

Laraba, 9 ga Oktoba

Wace Juma'a ma take nufi? Mutum nawa nake gwadawa a sati.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Oga ya kira ni ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa.

Mai Burodi ta rubuto ƙorafi. Shafi ɗaya, rubutun hannu, ba zagi ko ɗaya, shi ya fi ba ni haushi. Ba ta ce tayarta ba ta taɓa ba. Cewa ta yi ranar Juma'a huɗu ga wata wani mai baƙin kwat ya hau layin nan fiye da ita, na tsaya daga nesa na ɗaga masa hannu, ya ci. Tana roƙo ko dai a gwada kowa da biro, ko kada a gwada kowa.

Oga ya ce kada in tayar da hankalina. Filin ba shi da kyamara, maganarta ce da tawa, kuma doka tana bayana. In rubuta layi biyu kawai: taya ta taɓa, ta faɗi, abin da ya faru a wani gwajin ba ya cikin wannan magana. Zuwa Alhamis mai zuwa yake son rahoton. Sannan ya rage murya ya ce sunana ne a sama cikin waɗanda za a ba shugabancin fili ƙarshen wata, kada in bari fayil ɗina ya yi tabo yanzu. Idan aka ce na auna wani ban auna wani ba, takardar tuhuma ce, kujera kuma ta tafi.

Shekara uku suka rage mini in ajiye aiki. Kujerar nan sau biyu tana wuce ni.

Na ce ba komai, Oga. Na fito.

Juma'a, 11 ga Oktoba

To. Littafin nan ba mai karanta shi, bari in faɗa.

Na tuna mai kwat ɗin. Shi ne na ƙarshe ranar. A lokacin ake zagayen gwaji na tseren Lahadi, waya tana aljihun rigata, abin ji yana kunne ɗaya, mai sharhi yana ihu Dogo ya fi kowa gudu. Mutumin ya yi ribas, na hango tayar daga bayan motar. Kusa take. Ban ga ta taɓa ba. Ban kuma ga ba ta taɓa ba. Gwiwata tana ciwo, raina fari ƙal, na ɗaga hannu na sa hannu a fom na wuce inuwa.

Amma wannan ba ya wanke ta. Tata ta taɓa, na auna. Mutum ba ya cin jarrabawa don wani ya yi sa'a.

Kuma ba daidai ba ne da na Dogo. Can kambun duniya ake magana.

Asabar, 12 ga Oktoba

Faɗa da matata, a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Na bar takardu a teburin falo, wasiƙar hukuma da kwafin ƙorafin, ta zo share ƙura ta karanta duka biyun. Ina shigowa ta ce, "Malam, da ba don rubutun hannun ya bambanta ba, sai in ce mutum ɗaya ya rubuta su."

Na ce wa ya ba ta izinin taɓa takardun ofis. Ta ce wanzami dai ba ya son jarfa, ta ɗauki tsintsiyarta. Na bi ta har kicin ina mata bayanin bambancin hanyar tsere da filin gwaji, tana yanka albasa tana cewa to, to. Wannan to ɗin nata ya fi mari.

Ta dai san me kujerar nan take nufi a wurina. Ita ce ta goge mini kaya duk sau biyun da aka kira ni intabiyu.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ba tsere wannan satin. Falo shiru.

Hukumar ta fitar da sanarwa: duk direban da ya soki alƙalai a gaban 'yan jarida za a ci shi tara, in ya maimaita a cire masa maki. An tare Dogo da tambaya, sau huɗu yana cewa ba shi da abin cewa, jijiyar wuyansa tana motsi. An doke ka an hana ka kuka. Na ƙara shafi a wasiƙa.

Bakanike ya ce in ba a mayar masa da kofin nan ba ya daina kallo. Sau shida na ji wannan rantsuwar.

Litinin, 14 ga Oktoba

Tana benci.

Ina fitowa da fayil ƙarfe takwas na gan ta, jaka a cinya, baƙin gilashi a ido, ta gama aikin asuba ta zo. Na gaya wa Oga, ya ce bencin na jama'a ne, ba dokar da ta hana zama.

Mutum goma sha biyu, na durƙusa sau goma sha biyu. Har wanda ya bar taki guda tsakaninsa da layi, wanda makaho ma zai ce ya ci, na durƙusa masa, yana kallona kamar na zare. Mai Tabarau, abokin aikina da ke ɗaya akwatin, ya ce ko allura na yar nake nema. Shi ne na biyu a jerin kujera, dariya ba ta yi masa wuya kwanan nan.

Duk durƙusawar da na yi ina jin idonta a ƙeyata.

Talata, 15 ga Oktoba

Ta dawo. Sha huɗu yau. Gwiwa ta kumbura kamar ƙwallo.

Na rubuta rahoton yadda Oga ya ce, layi biyu da rabi. Na nuna masa, ya ce madalla, in sa hannu in kawo Alhamis. Yana cikin jaka. Ba ƙarya ko ɗaya a cikinsa, na karanta sau biyar in tabbatar.

Da zan fita ƙofa muka yi kiciɓis. Ta matsa gefe ta ba ni hanya. Idon nata ja, yana ruwa, ba kuka ba ne, tanda ce. Saura mata kwana shida.

Ba ni na sa ta aikin tanda ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

An kori ƙarar Dogo.

Ina garejin Bakanike hukuncin ya fito. Ya goge hannu da tsumma ya riƙe wayar nesa da fuska, don ya ƙi yarda idonsa ya fara gajiya, yana karanta mini da ƙarfi. Shafi tara. Tarihin zama, sunayen waɗanda suka halarta, ƙarfe nawa aka shiga, ƙarfe nawa aka fito. Sai can ƙasa: motar ta fita layi, hukuncin ya dace da doka, abin da ya faru a wani tseren ba ya cikin wannan magana.

Na ce ya maimaita na ƙarshen. Ya maimaita.

Daga nan ya ɓalle. Ya jefar da sufana, ya zagi alƙalan ɗaya bayan ɗaya, ya zagi shugaban hukumar da kujerarsa, ya ce dama ba tsere suke tsarewa ba, kansu suke tsarewa. Masu jiran mota suna kallonsa. Da ya gaji ya zauna a kan taya ya ce, "Yaya, ni fa kofin ma su riƙe. Ya fita, mun gani. Mutum ɗaya kawai nake so a cikinsu ya miƙe ya ce, wancan karon ba mu duba ba. Shi ke nan. Ko ɗaya babu mai wannan zuciyar?"

Ya jira in ɗora nawa, kamar kullum. Ni da nake fin sa baki. Na ce gwiwata ce take damuna, zan wuce gida.

A hanya na tsaya a gefen titi na buɗe jaka na duba rahoton. Kalma ɗaya ce ta bambanta, su tsere, ni gwaji.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na miƙa rahoto. Ba wancan ba.

Wannan layi biyar ne. Tayarta ta taɓa, na auna. Na ranar Juma'a ban auna ba, hankalina yana kan waya, ba zan iya rantsuwa ya ci ba. Ina ba da shawara a sake gwada su biyun, wani ya gwada, kafin ashirin da ɗaya ta wuce.

Oga ya karanta ya cire gilashi ya ajiye. Ya tambaye ni ko na san abin da na yi. Ya ce har wayar sai da na rubuta? Ya tura mini takardar ta kan tebur, ya ce zai je banɗaki, in na ɗauke ta kafin ya dawo, bai ga komai ba. Minti goma ya yi. Ina jin agogon bango, ina jin wani yana kashe mota a kan tudu yana sake tayarwa. Sau biyu hannuna yana zuwa kan takardar yana dawowa.

Ya dawo ya same ta inda ya bar ta. Ya ce, "Malam Biro, kai ka ɗebo da zafi." Ya buga hatimi.

Ba don ita na yi ba. Ba na son jimlata ta yi kama da ta mutanen can, shi ke nan.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Takardar tuhuma ta zo kafin azahar. Kujera ta Mai Tabarau ce, ba a sanar ba tukuna amma har an fara gaishe shi da hannu biyu. Na shiga ɗakin ajiyar fayil na daɗe. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Shekara ashirin da biyu.

Za a sake gwada su Litinin da safe, ranar da wa'adinta zai cika. In ta sake hawa layin, na zubar da kujera a banza.

Da na dawo gida matata ta zaunar da ni. Ta dafa ruwan zafi ta gasa mini gwiwa, ta danna da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, sannan ta rage.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Bakanike da ya daina kallo ya riga ni zama a falo.

Zagaye na talatin aka ƙara wa Ɗan Gata daƙiƙa biyar, fita layi. Bakanike ya yi kururuwa har maƙwabta suka leƙo. Da aka maimaita hoton sai na ga kamar gefen tayar baya yana kan farin layin, bai fita duka ba. Na ce a dakata su sake nunawa. Ya juyo ya dube ni kamar na canza ƙungiya.

Dogo ya zo na biyu. Na yi murna, amma shayina bai zube ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Mai kwat aka fara gwadawa. Ya shiga akwatin tsaf, har da sauran wuri, ya fito yana faɗa wai an ɓata masa safiya, zai rubuta ƙorafi a kaina. Ya bi layi.

Sai ita. Ina ɗaya akwatin da nawa mutumin, ba ruwana da nasu. Na dai ji ƙarar ribas, a hankali, ta tsaya, ta ƙara kaɗan, ta ja burkin hannu. Shiru. Mai Tabarau, wanda a rayuwarsa bai taɓa lanƙwasa baya don taya ba, ya zagaya motar ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai ga shi ya tsallako wurina ya ce, "Malam, ara mini biron."

Na ba shi. Ban kalla ba. To, na kalla.

Biron ya shiga. Da ƙyar, amma ya shiga.

Ba ta yi tsalle ba. Ta karɓi fom ta ninke ta sa a jaka, ta duba agogo. Hanyar fita ta gefen akwatina take, ta same ni a durƙushe, wando duk ƙasa, ina jiran a dawo mini da biro. Ta ɗan tsaya. Ta ce, "Sannu da aiki, Yallaɓai." Ta wuce da sauri.

Wasiƙar hukuma tana nan, shafi biyar, zan aika, ba abin da na janye. Wurin da na ce alƙali ko a wane hali yake ba shi da uzuri ne kawai na tsaya a kai, na soke, na mayar, na bar shi haka sai na sake dubawa.

Gobe mutum goma sha uku, benci ba kowa. Na sa man zafi a jaka.